Karatun safe, shaidar yini: zance ga masu bin Almasihu a ƙasar Kurfai

A wannan karo zancenmu ya nufi Filinge da ƙasar Kurfai, kuma muna yin sa ne da ƴan'uwa Kirista da ke zaune a can. Amma ba mu ce ɗan'uwa Musulmi ya juya shafi ba, domin abin da ya shafi maƙwabcinka ya shafe ka, kuma sanin abin da yake karantawa kowace safiya zai ƙara maka sanin mutumin da kuke shan ruwan rijiya guda.

Filinge tana cikin Dallol Boso, wajen kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, cikin jahar Tilaberi. Ƙasa ce ta gero da wake da dabbobi, inda Kurfayawa ke zaune tare da Zabarmawa da Buzaye da Fulani, kuma wanda ya taɓa cin cukun Tukunus ya san albarkar shanun Azawak. Ƙasar Musulmi ce, kamar sauran Nijar, wadda ƙidayar jama'a ta shekarar 2012 ta nuna fiye da kashi 99 cikin 100 na mutanenta Musulmi ne, Kirista kuwa ba su kai kashi 1 ba. Saboda haka mai bin Almasihu a Kurfai sau da yawa shi kaɗai ne a unguwarsu ko a wurin aikinsa, ko malamin lakkol ne da aka turo, ko ma'aikacin likita, ko soja, ko ɗan kasuwa. Ba shi da fasto a ƙofar gida, ba shi da babbar majami'a irin ta Maraɗi ko Dogon Dutsi. To, mutum irin wannan, da me zai riƙe imaninsa, kuma ta yaya zai ba da shaida ba tare da ya ɓata zama da jama'a ba? Amsarmu ita ce: ya fara da Littafin da ke hannunsa, kullum, ba fashi.

Ya kamata mu tuna cewa wannan Littafi bai zo cikin harshenmu a banza ba. Wani yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram, mai suna Dorugu, wanda aka kama bauta sannan aka ƴanta shi, ya bi matafiyin nan Bajamushe Barth har Ingila a shekarar 1855. A can ya zauna da mishan Schön, wanda ya yi ta jin Hausa daga bakinsa, har aka buga Bisharar Matiyu da Hausa a 1857. Bayan haka likita Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka ɗauki shekaru suna fassara, har cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932, aka kuma sake sabuwar fassara a 1979. A nan ƙasarmu, ƴan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, suka buɗe Tsibirin Gobir a 1927, ƴan Katolika kuma suka kafa mishan ɗinsu na Yamai a 1931. Tun daga can, abin da ya bambanta masu bi na farko a idon jama'a shi ne karatun boko na Hausa, domin an koya musu haruffa ne saboda su iya buɗe Littafin da kansu. Abin kunya ne a ce gadon da aka sha wahala haka kafin a same shi yana kwance cikin akwati, ƙura da gara suna rabonsa.

Littafin Fitowa, sura 16, ya ba mu misalin da ya dace. Lokacin da Isra'ilawa suke cikin hamada, Allah ya ba su manna, amma aka umurce su kowa ya tara na yini guda kawai, sai jajibirin Asabar da ake tara na kwana biyu. Wanda ya yi wayo ya ajiye na gobe, da safe ya tarar ya yi tsutsa. Haka maganar Allah take. Wa'azin da ka ji ran Lahadi ba zai kai ka Alhamis ba, kamar yadda furar jiya ba ta kashe yunwar yau. Mutanen Biriya, cikin Ayyukan Manzanni sura 17, an yabe su ne don suna bin Littattafai kowace rana, suna gwada abin da Bulus ya faɗa musu da abin da ke rubuce. Idan manzo da kansa an auna maganarsa da Littafi, ina ga mai wa'azin rediyo ko wanda muryarsa ke yawo cikin salula?

Aikin kuwa bai fi ƙarfin kowa ba. Littafi Mai Tsarki, bisa jerin littattafai 66 da ƴan Bishara ke bi, yana da sura 1189, ƴan Katolika kuma suna ƙirga littattafai 73. Wanda ya karanta sura 3 ko 4 a yini zai sauke shi cikin shekara guda. Wanda bai iya haka ba, Sabon Alkawari sura 260 ne, sura ɗaya a yini ta ishe shi ya gama kafin wata 9 ya cika. Sabon shiga ya fara da Markus, sura 16 ce kawai, labari ne mai tafiya da sauri. Karin Magana kuwa sura 31 ce, daidai da kwanakin wata, kuma Bahaushe ba ya buƙatar a koya masa daɗin karin magana. Abin da ake so shi ne a tsai da lokaci guda. A Kurfai ladan ba ya makara, kiran assalatu na tashin kowa da ke gari, har da Kirista. Maimakon ya ja bargo, sai ya tashi shi ma ya buɗe Littafinsa kafin a fita gona ko wurin aiki. Hausawa sun ce yau da gobe ka sa allura ginin rijiya.

Sai dai akwai ƴan'uwa da yawa, musamman mata da tsofaffi, waɗanda ba su shiga lakkol ba. Kada a ce karatun kullum ba nasu ba ne. Yawancin masu bi na zamanin manzanni da kunne suka karɓi maganar, ana karanta musu wasiƙu cikin taro. Maigida ya tara iyali da dare bayan tuwo, ko ɗan lakkol na gidan ya karanta da ƙarfi, a tsaya a tambayi juna abu uku: me nassin ya ce, me ya nuna mana game da Allah, me za mu yi da shi gobe. Yanzu kuma akwai karatun Littafi da Hausa da aka ɗauka da murya, ana sa shi cikin salula, mace na iya saurare tana daka ko tana tsinke wake. Wanda ya iya karatu kuwa, ya sani bashi ne a kansa ya koya wa wanda bai iya ba.

Amma karatu kaɗai ba ya mai da mutum almajiri. Kalmar almajiri ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa: shi ne wanda ya bar gida ya bi malami, yana kallon zamansa da tashinsa, har halin malamin ya shige shi. Wasiƙar Yakubu, sura 1, ta kwatanta mai ji ba ya aikatawa da wanda ya duba fuskarsa a madubi, ya juya ya manta kamanninsa. To, a ina ake gane wanda bai manta ba? Ana gane shi a kasuwa, in tiyarsa ta saye ita ce tiyarsa ta sayarwa. Ana gane shi a bashi, in ya biya ranar da ya faɗa. Ana gane ma'aikaci in talaka ya zo da takarda ya sa masa hannu ba tare da neman goro ba, ana gane malamin lakkol in yana cikin aji a kan lokaci ko da ba mai duba shi. Ana gane maigida a yadda yake magana da matarsa in rai ya ɓaci. Mutanen Kurfai ba za su karanta Markus ba, galibinsu, amma suna karanta Kiristan da ke cikinsu tun safe har dare, kuma gani ya kori ji.

Daga nan ne shelar bishara take tasowa. Yesu ya ba da misalin mai shuka cikin Markus sura 4, kuma babu manomin Dallol da zai ce bai gane shi ba. Wani iri ya faɗa kan hanya tsuntsaye suka cinye, wani a kan dutse ya tsiro rana ta ƙone shi, wani cikin ƙaya ta shaƙe shi, wani a ƙasa mai kyau ya ba da amfani. Mu ma mun san fako, mun san ƙarangiya, mun san jigawa mai albarka. Mun kuma san binne, wato shukar da ake yi cikin busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, mutum ya zuba irinsa ya koma gida yana duban gabas. Mai shaida haka yake. Shuka ce aikinsa, saukar da ruwa kuwa na Allah ne. Wanda ya gane wannan ba zai matsa wa kowa ba, ba kuma zai karai ba don shekara ta wuce bai ga tsiro ba.

Littafin ya kuma nuna yadda ake yin maganar. Cikin Yahaya sura 4, Yesu ya zauna bakin rijiya ya roƙi ruwa wurin Basamariya, wato ya fara da nuna shi ne mabuƙaci, sannan zance ya tafi. Cikin Ayyukan Manzanni sura 8, Filibus ya tarar da Bahabashe yana karatun Ishaya, ya fara da tambaya, bai hau keken mutumin ba sai da aka gayyace shi. Wasiƙar Bitrus ta fari, sura 3, ta ce mai bi ya zauna a shirye ya ba da amsa ga wanda ya tambaye shi dalilin begensa, amma da tawali'u da ladabi. Wannan ya hana mu abu uku. Na ɗaya, zagin addinin wani ko abin da yake girmamawa, domin baki shi ke yanka wuya, kuma ba a taɓa zagin mutum har ya so ka ba. Na biyu, sayen mutum da buhun hatsi ko magani a lokacin yunwa. Asibitin Galmi, wanda SIM ta buɗe a 1950, da na kutare a Danja kusa da Maraɗi, sun sami daraja a ƙasar nan ne domin ana duba kowa ba a tambayi addininsa ba. Taimakon da aka ɗaura wa sharaɗi ciniki ne. Na uku, jan yaran mutane a bayan idon iyayensu. Abin da ba za ka iya faɗa a zauren mai gari ba, kada ka faɗe shi a ɓoye.

Ba za mu rufe ido ga halin da ake ciki ba. Ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, bayan zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa, an ƙone majami'u da dama a Damagaram da Yamai, mutane kuma suka rasa rayukansu. Abu biyu ya kamata a riƙe daga waɗancan kwanaki: shugabannin Kirista sun fito fili sun ce sun yafe, kuma akwai Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista cikin gidajensu. Yafewar ba a ranar aka koye ta ba, ta fito ne daga shekarun karanta Matiyu sura 5 da addu'ar Yesu a kan gicciye. Ɓoyewar kuwa amfanin zaman amana ne da aka daɗe ana yi. Daga baya arewacin Tilaberi ya shiga wata masifar: an kafa dokar ta-ɓaci a Abala da Banibangu a 2017, an kashe sojoji 89 a Shinagodar cikin Janairu 2020, ƙauyuka da yawa suka watse. Yawancin waɗanda aka kashe da waɗanda suka bar gidajensu Musulmi ne. Kiristan da ya karanta labarin Basamariye mai tausayi cikin Luka sura 10 da safe, sannan ya wuce ɗan gudun hijira da rana bai ko gaishe shi ba, karatunsa bai sauka daga ido zuwa zuciya ba. A irin wannan lokaci hankali wajibi ne, ba a ce kowa ya jefa kansa cikin haɗari ba, amma tsoro ba hujja ba ce ta rufe ƙofa ga mai jin yunwa.

Shawararmu ta ƙarshe ga ƴan'uwa ita ce kada kowa ya zauna shi kaɗai. Kasuwar Filinge ran Lahadi take ci, ranar da mutanen ƙauyuka ke shigowa gari. Masu bi biyu ko uku da suka warwatsu cikin mako suna iya haɗuwa a ranar, su yi sujada, kowa ya faɗi abin da ya karanta da inda ya kasa ganewa, su tsai da surorin mako mai zuwa. Babba ya riƙe ƙarami kamar yadda Bulus ya riƙe Timoti, yana koya masa domin shi ma ya koya wa wasu. Itace ɗaya ba ya riƙe wuta a murhu, sai an haɗa.

Ku kuma ƴan'uwa Musulmi da kuka bi mu har ƙarshen wannan shafi: In kun ga maƙwabcinku Kirista ya saɓa wa abin da muka zana a nan, kuna da ikon ku tuna masa da Littafinsa. Allah ya ba ƙasar Kurfai lafiya da damina mai albarka, ya mai da waɗanda suka bar gidajensu, ya kuma haɗa mu a mako mai zuwa. Amin.