Gizaka Ba Tsutsa Ba Ce: Martani Ga Masu Fassarar Sauri

A cikin wasan Pokémon, wanda kamfanonin Game Freak da Nintendo suka fitar a Japan cikin watan Fabrairun 1996, akwai wata 'yar halitta mai lamba 13 daga cikin halittu 151 na farko. Masu Ingilishi suna kiranta Weedle. Jikinta gaɓa-gaɓa ne, tana cin ganye, kuma tana da ƙari a ka wanda tsawonsa ya kai santimita 5. Idan ta kai mataki na 7 sai ta ƙudundune cikin kwanso, a mataki na 10 kuma ta fito da fukafukai da makaman harbi. Yaron Maruwa da ya san wasan ta waya ko ta talabijin zai fi saninta da sunanta na Faransanci, wato Aspicot. Idan kuwa aka ce wa ɗalibin Hausa ya bayyana ta da harshensa, amsar da ke kan leɓensa ita ce "tsutsa mai guba". Kalmomi biyu ne ke ɗauke da ma'anar wannan amsa, kuma duka biyun sun kauce hanya.

Ta farko ita ce tsutsa. Bahaushe bai tara duk wani abu mai jan ciki a kwando ɗaya ba. Tana ita ce ta cikin danshin ƙasa wadda masunci ke sa wa ƙugiya. Gwazarma ita ce ƙatuwar nan fara da ake tonowa a juji. Shanshani mai ƙafafu da yawa ne mai cizo, ƙadandoniya kuwa nannaɗewa take yi idan an taɓa ta. Mai gashin nan da ke bin ganye da damina, wadda in ta goga fatar mutum sai ƙaiƙayi da borin jiki, sunanta gizaka. Su kansu masu wasan a rukunin ƙwari masu gashi suka ajiye Weedle. Ashe kalmar tana nan tun kaka da kakanni, mai fassara ne bai neme ta ba. Kama da wane ba ta wane.

Ta biyu ita ce guba. A bakin Hausawa guba ita ce wadda ake ci ko a sha ta yi illa, shi ya sa ake cewa abinci ya zama guba. Abin da maciji ke zubawa da sara, da wanda kunama ke zubawa da harbi, da wanda maharbi ke shafa wa kibiya, sunansa dafi. Halittar da makaminta ƙari ne, dafi gare ta. Mai cewa "tsutsa mai guba" ya gaya wa mai sauraro cewa haɗarin yana ga cin abin, alhali kuwa haɗarin yana ga taɓa shi.

Akwai malaman da za su ce wannan ɓata lokaci ne, wasan yara bai cancanci alƙalamin manazarci ba. Su dubi abin da Faransawa suka yi da wasan ya isa ƙasarsu a 1999. Sun zauna sun raɗa wa halittun sunaye da kayan harshensu. A cikin Aspicot ana jin kalmarsu ta tsutsar ƙuda da kuma sunan wani maciji mai dafi. Mataki na biyu suka kira shi Coconfort, daga kalmarsu ta kwanson da tsutsa ke saƙa wa kanta. Na uku suka ce Dardargnan, suka auna kalmarsu ta ƙari da sunan d'Artagnan, jarumin takobin nan na labarin Alexandre Dumas. Sakamakon wannan aiki shi ne yaro a unguwar Domayo yana koyon kalmomin Faransanci yana dariya, ba allo ba bulala. Malamin da ya raina wannan fage ya sallama shi ga wani harshe, kuma yaran suna can ciki ko ya yarda ko bai yarda ba.

Lamarin ya fi tsanani a arewacin Kamaru. Ɗan Bahaushe a Maruwa ko Garwa yana karatu da Faransanci, yana ciniki da wasa a titi da Fulatanci, Hausa kuwa ta tsakar gida ce. Kalmomin da suka fi saurin zubewa a irin wannan zama su ne na daji da gona, domin hira a zaure ba ta cika bi ta kansu ba. Tsarin mulkin Kamaru na watan Janairun 1996, shekarar da aka haifi Pokémon, ya ɗora wa ƙasa nauyin kare harsunan gida da bunƙasa su, dokar ilimi ta 1998 ta ƙara jaddada haka, an kuma kafa Jami'ar Maruwa a 2008. Amma doka ba ta tattara kalma. Fulatancin Diamaré ya sami masu yi masa wannan hidima, domin a 1998 Henry Tourneux da Yaya Daïrou sun wallafa ƙamus sukutum a kan kalmomin noma da halittun wannan yanki. Hausa tana da ƙamusun Bargery na 1934, da na Abraham na 1949, da na Jami'ar Bayero na 2006. Ɗalibin da ya rubuta "tsutsa" bai buɗe ko ɗaya daga cikinsu ba, laifin a wuyansa yake.

Wanda ke ganin maganar ta tsaya ga wasa, ya leƙa gona. Kamfanin Sodecoton da ke Garwa ya daɗe yana fama da tsutsar da ke huda ƙwallon auduga. Masu dashen muskuwari a filayen karal suna fama da wadda ke shiga cikin kara ta cinye shi ta ciki. A 2016 wata baƙuwa daga nahiyar Amurka ta bayyana a Afirka ta Yamma, ta afka wa masara, ta bazu har Kamaru. A ƙasar Maraɗi manoma suna kiran mai cin zangarniyar gero murzuna, kuma masu bincike suna yaƙar ta da wata 'yar mitsitsiyar rina da ke yin ƙwai a jikinta. Kowace da lokacinta, da inda take ɓuya, da yadda ake maganinta. Ga kuma wadda ke saƙa zaren tsamiya da ake yi wa manyan riguna aiki da shi, wadda dukiya ce. Idan mai fassara sanarwar malamin gona a rediyo ya kira su duka tsutsa, manomi zai sayi maganin da ba shi ba, ya fesa a lokacin da ba shi ba. Sakacin da aka saba da shi a kan halittar wasa shi ne zai bi ɗalibi har ɗakin watsa labarai.

Wasu za su ce sunan Weedle mallakar kamfani ne, ba a taɓa shi. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce a sauya abin da ke kan kwali. Abin da ake nema shi ne ɗalibi ya gwada ƙarfin harshensa. Harshen da ya raɗa malam-buɗe-littafi, da faɗi-ka-mutu, da dafa-duka, ba zai gaza a nan ba. Ana iya kiran mataki na farko taɓa-ka-ji, na biyu lulluɓau, na uku barden-rina, kuma wani ɗalibin zai iya kawo waɗanda suka fi waɗannan daɗi. A cikin wannan gwaji ne zai gane cewa wasan ya saɓa wa halitta, domin gizakar gaske dangin malam-buɗe-littafi take zama, ba ta taɓa zama rina ba. Wanda ya san gizaka da rina da zanzaro da sunayensu shi ne zai kama wannan.

Satoshi Tajiri, wanda ya ƙago wasan, yaro ne mai farautar ƙwari a bayan garin Tokyo kafin gine-gine su cinye filayen. Daga wannan sha'awa ya gina abin da ya zagaye duniya. Ɗalibin Hausa a Maruwa yana da abin da Tajiri ya rasa, domin gonakin suna nan, tsofaffin da suka san sunayen ma suna raye. Aikin da ke gabansa a daminar bana shi ne ya ɗauki littafi da waya, ya ɗauki hoton kowace gizaka da tsutsa da ya gani, ya tambayi sunanta da Hausa da Fulatanci, ya rubuta shukar da take ci da watan da take fitowa, sannan ya gwada abin da ya samu da Bargery. Kalmar da bai tarar a ƙamus ba, ita ce gudummawarsa ga harshen.