Aiki Daga Tara Zuwa Tara

A ƙasar Sin kamfanonin kwamfuta, musamman sababbi masu tasowa, suna da wata al'ada da ake ce da ita 996. Ma'anarta ma'aikaci ya kama aiki ƙarfe 9 na safe, ba ya tashi sai 9 na dare, kwana 6 cikin bakwai. Sa'a 72 ke nan, alhali kuwa dokar ƙwadago ta ƙasar, wadda aka yi a 1994, ta tsayar da sa'a 44 a mako.

Hujjar masu kamfanonin ba ɓoyayyiya ba ce ga fatake. Jarin da suke juyawa na attajirai ne, kullum raguwa yake yi, in kuwa wani ya riga su kai haja kasuwa sun karye. A 2019, sa'ad da ma'aikata suka ɗaga murya, Jack Ma mai Alibaba ya ce wannan aiki babbar ni'ima ce ga wanda ya samu. Lalle ni'ima ce gare shi, gama shi da abokansa 17 suka kafa kamfanin a 1999 cikin wani gida a Hangzhou, kowane dare da ya raya dukiyarsa ya raya wa. Amma wanda aka ɗauka daga baya fa? Albashi ne, sai alkawarin hannun jari. A Amurka galibi sai ya cika shekara 4 rabon ke zama nasa duka, in ya bar aiki kafin shekara guda ba shi da ko anini, in kamfanin ya mutu takardar ta bi shi. Yaron ɗan kasuwa ma, in ya gama hidima, jari ake danƙa masa a hannu. Wannan kuwa kura da shan bugu ne, gardi da karɓar kuɗi.

Jiki ma ba ya yafe bashi. Hukumar Lafiya ta Duniya da ta Ƙwadago sun ƙiyasta mutum 745,000 sun mutu a 2016 da ciwon zuciya ko shanyewar jiki saboda aikin sa'a 55 ko fiye a mako.

A watan Agusta 2021 Kotun Ƙoli ta Sin ta bayyana 996 ya saɓa doka. Sai ga shi a 2025 an ji waɗansu sababbin kamfanoni a San Francisco ta Amurka suna neman ma'aikata bisa wannan sharaɗi, tun kafin a yi maganar albashi.