A bar wa mota tamostat ɗinta

Jama'a, akwai wata ɗabi'a a garejinmu da ba zan taɓa amincewa da ita ba: tsohuwar mota 'yar Kwatano ta fara zafi, sai bakanike ya cire tamostat ya yar, wai don ƙasashen sanyi aka yi shi. Alhali wannan ɗan bawul shi ke tsare ruwa a cikin inji har ya kai wajen digiri 82 zuwa 90, sannan ya buɗe masa hanyar lagireto. In babu shi, inji kan daɗe bai ɗau ɗumi ba, musamman da asubahin hunturu a Jos, kwamfutar mota ta yi ta ƙara fetur, ga tsada, baƙin mai kuma ya yi saurin lalacewa. Zafin kuwa sau da yawa daga toshewar lagireto ne, ko fanka, ko famfon ruwa. In kana zargin tamostat ɗin, jefa shi a tukunyar ruwa bisa wuta. In ruwan ya kusa tafasa bai buɗe ba, ya mutu. Sayi sabo mai lambar digiri irin ta tsohon, da sabon gasket, kuma a fitar da iskar da ta maƙale kafin a rufe lagireto.