Kwana Goma Tsakanin Badagiri da Elmina

Wanda ya shimfiɗa taswira ya auna tsakanin Legas da Akra, babban birnin Gana da iyayenmu ke kira Ankara, zai ga tazarar ba ta kai kilomita 500 ba, wato ba ta cika rabin tafiyar Kano zuwa Legas ba. Manyan motocin haya kan tashi da asuba su sauke fasinjojinsu can da dare ko kashegari. Amma duk wanda ya nemi shawarata a kan wannan hanya, in dai yawon buɗe ido zai yi ba saro kaya ba, kwana goma nake ware masa daga Badagiri zuwa Elmina, kuma ba na rage ko ɗaya. Mai karatu zai ce an yi ɓarnar lokaci. Dalilina shi ne taswira ba ta nuna abubuwa biyu da suke cin lokacin matafiyi a wannan gaɓa ta teku, wato iyakokin ƙasa da nauyin abin da zai gani.

Iyaka uku ce a gabanka: Seme tsakanin Nijeriya da Jamhuriyar Benin, Hilakonji tsakanin Benin da Togo, sai Aflao a ƙofar Gana. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ɗauke mana neman biza har na kwana 90, amma ba ta ɗauke fasfo ko takardar tafiya ta ƙungiyar ba, ba ta kuma ɗauke katin rigakafin shawara ba. Mai tafiya da motarsa yana da ƙarin kaya: takardun mallakar mota na asali, lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa, inshorar ECOWAS mai katin ruwan ƙasa, da takardar kwastan ta shigar da mota na wucin gadi a kowace ƙasa. Ƙa'idata a nan guda ce, kada a tsallaka iyaka biyu a yini ɗaya, kuma a isa kowacce da hantsi. Gaɓar tekun Togo duka-duka ba ta kai kilomita 60 ba, shi ya sa zuciya ke raya wa mutum ya haɗa Hilakonji da Aflao ya huta. Wanda ya biye mata zai ƙare yininsa a layin buga hatimi, abin da zai iya faɗa game da Togo bai wuce launin kakin jami'anta ba. A tuna kuma agogon Togo da Gana yana bayan namu da awa guda, kuɗi kuma zai sauya sau biyu, daga naira zuwa sefa, daga sefa zuwa sidi.

Na fi son a kwana Badagiri ranar Alhamis. Da rana a ga benen da 'yan mishan suka gina a 1845, a shiga kwalekwale a ƙetara zuwa tsibirin Gberefu, inda ake taka bayi da ƙafa zuwa bakin jirgi. Da sanyin safiyar Juma'a a nufi Seme, a karkata arewa zuwa Porto-Novo, wadda ita ce babban birnin Benin a hukumance ko da yake harkar mulki da kasuwa suna Kwatano, a nemi sallar Juma'a a can. Tsohon masallacin garin shi ya sa na kafe a kan wannan rana. An gina shi a farkon ƙarni na 20, fuskarsa mai launuka ta fi kama da cocin Bahiya ta ƙasar Barazil fiye da kowane masallaci da ido ya saba da shi a Kano ko Damagaram, domin zuriyar bayin da suka komo daga Barazil ne suka zo da salon ginin.

A nan ne tafiyar take daina zama kallon tarihin wasu. A farkon ƙarni na 19, lokacin yaƙe-yaƙen jihadi da rushewar daular Oyo, Hausawa masu yawa sun faɗa hannun masu cinikin bayi, aka gangaro da su Legas da Badagiri da Porto-Novo da Wida, aka loda su zuwa Bahiya. Hukumomin can sun bankaɗo shirin tawayen Hausawa a 1807, sannan a watan Janairu na 1835, cikin azumin Ramadan, Musulmi bayi, akasarinsu Yarabawa tare da Hausawa, suka yi boren da ya girgiza birnin Salbado. An samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Mu a makaranta an koya mana cinikin bayi na teku tamkar wani abu ne da ya faru tsakanin Turawa da mutanen kudu. Ba haka ba ne. Akwai namu cikin waɗanda aka sayar, akwai kuma namu cikin waɗanda suka sayar.

Saboda haka Wida take samun kwana biyu a lissafina, alhali ba ta fi kilomita 40 daga Kwatano ba. Akwai ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1721, wadda ba su sake ta ba sai 1961, shekara guda bayan ƙasar ta sami 'yanci. Daga tsakiyar gari zuwa bakin teku akwai hanya ta kusan kilomita 4 da bayi suka bi, ƙarshenta wata babbar ƙofa da aka gina a 1995 don tunawa da waɗanda suka fita ba su komo ba. Direba zai ce ya kai ka cikin minti goma. Ka ce ya jira ka a can, ka taka da ƙafarka, da safe kafin rana ta yi zafi. In da yara a tafiyar, wannan ce safiyar da ba za a bar su a masauki ba. Ɗakin mesa da ake kai baƙi kallo kuwa, wanda ya ga dama ya leƙa, ni ban ɗauke shi dalilin zuwa Wida ba.

Bayan irin wannan yini mutum yana bukatar wurin da ba a nuna masa komai, shi ya sa na sa Grand-Popo a gaba. Ƙauyukan masunta ne a jere tsakanin teku da kogin Mono, da itatuwan kwakwa, da mutanen ƙauye suna jan koma ɗaya su da yawa suna waƙa. Jan kunne ɗaya ga ɗan arewa: wannan teku ba kududdufi ba ce, ba kuma Kogin Haɗeja ba. Tana da ja ta ƙarƙashi mai kwashe ƙafar ƙwararren mai iyo. A jiƙa ƙafa a tsaya nan. Kada kuma a ɗauki hoton masunci ko matar da ke bandar kifi ba tare da an gaisa an nemi izini ba, yadda mu ma ba za mu so baƙo ya tsaya a ƙofar gidanmu yana haska iyalinmu ba.

Togo tana cin yini guda da kwana. A tsaya Aneho, wadda ta taɓa zama mazaunin mulkin Jamusawa kafin su koma Lome a 1897, a kwana Lome, a tsallaka Aflao da safe tun da iyakar a bakin birnin take. Mafi yawan matafiya daga nan sai su miƙe Akra. Ni ina ratse wa Keta, in ga abin da ya saura na ganuwar da Turawan Denmak suka gina a 1784, wadda teku ta cinye sashe mai yawa nata, tana kuma ci gaba da cin gidajen mutane a wannan gaɓa.

A Akra harshe ya huta, don a Nima da Sabon Zango Hausa kake ji ta ko'ina. Koko da ƙosai na nan da safe, wacen da Ganawa ke alfahari da shi kuwa sunansa daga wakenmu ya fito. Juma'a ta biyu tana riskar matafiyi a nan, ga babban masallacin ƙasa a unguwar Kanda da aka buɗe a 2021. Ana sallamewa a kama hanya, don cunkoson Kasoa, garin da shi ma sunansa kasuwarmu ce, yana iya cinye yammacin mutum, kuma ba na yarda da tuƙin dare a hanyar da ban sani ba. Alƙibla ba ta da wuya a duk tsawon tafiyar, teku tana kudu, in ka fuskanci gabas ka ɗan karkata hagu tana damanka. Ƙasaru ma ba ta yankewa, tun da babu inda aka yi niyyar zaman kwana huɗu.

Kwana biyun ƙarshe na Cape Coast da Elmina ne, kimanin kilomita 150 yamma da Akra. Fotugal ta gina ganuwar Elmina a 1482, Holan ta ƙwace ta a 1637, Ingila ta karɓa a 1872. A raba ganuwoyin biyu, ɗaya yau ɗaya gobe. Wanda ya shiga kurkukun ƙarƙashin ƙasa na Cape Coast, ya ga an gina ɗakin ibada a kansa daidai, ba ya da sauran zuciyar da zai kai Elmina a wannan yini. Da asuba a gangara bakin gadar Elmina a ga jiragen masunta suna shigowa. Tsarin nan ya kauce wa Talata da gangan, domin ranar masuntan yankin ba sa fita teku.

Za a tambaye ni ina Kumashi, ina kuma Salaga, kasuwar goron da fatakenmu suka yi ta zuwa watanni a ƙafa, garin da Malam Umaru ɗan Kano ya zauna har yaƙin basasar 1892 ya watsa shi? Suna da tafiyarsu dabam, cusa su cikin wannan zalunci ne gare su. Iyakar abin da zan ƙara shi ne Assin Manso, kusan kilomita 40 a kan hanyar Kumashi, inda ake yi wa bayin da aka gangaro da su daga arewa wankan ƙarshe a rafi kafin a kai su ganuwa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a guji Mayu da Yuni da ruwa ke sauka kamar da bakin ƙwarya. Mai tasowa daga Kano ya ƙara kwana biyu na zuwa Legas, biyu na komawa, da uku na dawowa daga Elmina, ya nemi hutun kwana goma sha bakwai a wurin aiki.