SHARHI: A Ƙirga Ranar Dashe Kafin A Sayi Iri

A ƙasashen Turai da arewacin Amurka, babu ranar da masu rainon dashe ke sa wa ido kamar ranar da raɓa ke daskarewa karo na ƙarshe bayan hunturu. Dare ɗaya tak da sanyi ya kai sifiri a ma'aunin zafi ya isa ya hallaka tumatir da tattasai da aka fitar fili. Don haka daga wannan rana suke ƙirgawa baya. Ana shuka irin tumatir a cikin ɗaki ko gidan gilashi mako 6 zuwa 8 kafin ta, tattasai da barkono kuwa mako 8 zuwa 10.

A yawancin sassan Ingila ba a fitar da irin waɗannan tsirrai sai ƙarshen watan Mayu, a Jamus kuma al'ada ita ce a jira tsakiyar watan ya wuce. Kafin dashe akan yi kwana 7 zuwa 10 ana fitar da tsiron da rana, ana mayar da shi da dare, har ya saba da iska. Wanda ya yi gaggawa, tsironsa zai yi tsawo babu ƙwari, ga kuɗin ɗumama ɗaki. Wanda ya makara kuwa, wasu sun riga shi kasuwa.

Abin ya shafi 'yan kasuwarmu, domin akwai irin kayan lambu da ake shigowa da shi ɗauke da wannan umarni a jikin takardarsa, alhali kuwa raɓa ba ta daskarewa a Kadawa ko Kura. Abokan gabar tumatir a nan su ne zafin Maris da Afrilu, wanda ke zubar da fure, da kuma ruwan damina mai kawo cututtuka. Tsiro ma a ƙasarmu yakan isa dashe cikin mako 3 zuwa 4.

A ganinmu, lissafin ya kamata mu ɗauka, mu bar musu ranakunsu. Idan kowa ya dasa a lokaci guda, kwanduna kan yi wa kasuwar Mile 12 ta Legas yawa a tsakiyar rani, farashi ya faɗi warwas, sannan daga Mayu zuwa Yuli a nemi tumatir a rasa.

Ya kamata masu shigo da iri su buga jadawalin shuka da ya dace da yankunanmu, cikin harshen da manomi ke karantawa. Dillalan da ke bai wa manoma jari su nemi a rarraba dashe, tsiran mako biyu-biyu, tare da la'akari da hasashen da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara. Bankuna kuma su saki rance kafin a yafa iri, domin kuɗin da ya zo bayan lokacin dashe bashi ne kawai a wuyan manomi.