Uwar Kurma Ta Gode, Saura Mu

Jama'ar Ƙofar Kaura, maza da mata, malamai da 'yan kasuwa, ku kasa kunne, tunda Allah ya bar muku ji.

A lungunan unguwar nan akwai matan da ke renon 'ya'ya kurame. Ka tambayi ɗayarsu ya yaro, za ta ce maka, "Alhamdulillahi, sai godiya." Kuma har zuciyarta take faɗa.

Ku dubi hanyar da ta bi kafin ta kai ga wannan godiya. Ita ta fara lura, tun yana goye, cewa kwano ya faɗi a tsakar gida bai firgita ba. Wata kuwa lafiya lau ta haife shi, har ya fara gwaranci, sai sanƙarau ko ƙyanda ta tafi da jinsa. Waɗanda suka ga annobar sanƙarau ta 1996 a Arewa sun san gidajen da yaro ya tsira da rai, kunne ya mutu. Daga nan sai surutu: wai iska ce, wai sakacinta ne, wai a danginsu ne. Kishiya ta yi habaici, dangin miji su yi gori. Ta haɗiye.

Sai ta shiga koyon abin da ba wanda ya koya mata, don fiye da kashi 90 cikin 100 na yara kurame iyayensu masu ji ne. Ta saba da taɓa kafaɗarsa kafin ta yi magana, ta durƙusa su haɗa ido, ta kaɗa mayafi daga nesa don ya waiwayo. In za su tsallaka titi a bakin ƙofa, inda 'yan Keke Napep da babura ke ta danna hon, riƙon da take wa hannunsa daban ne, don ta san hon ɗin ba zai iske shi ba. Ranar da ya kwaikwayi alwalarta daidai, ya tsaya gefenta a kan darduma, hawayen murna take yi. Matan nan za su gaya maka yaron ya koya musu haƙurin da ba su san suna da shi ba, ya nuna musu amfaninsu a duniya. Wallahi sun cancanci a tashi tsaye a gaishe su.

To, amma godiyarta kada ta zama mana hujjar naɗe hannu!

Kai uba, har yaushe za ka riƙa kiran uwarsa ta fassara maka ɗanka? Maganar hannu harshe ne cikakke mai ƙa'ida, kuramen ƙasar Hausa sun daɗe da shi. Bajamushiya Constanze Schmaling ta zauna da kuramen Kano, ta koye shi, ta fitar da littafi a kansa a 2000. Abin da baƙuwa ta iya, ina dalilin da zai gagari uba da yayye da kaka?

Ku daina kiran yaro "bebe" kamar ba a yanka masa rago ba. Kada a miƙa masa ƙoƙon bara. Akwai makarantar kurame a Malumfashi, akwai ta Tudun Maliki a Kano. Masu hali su ɗauke wa uwa kuɗin mota da sabulu da littattafai. Malaman Islamiyya, ku ajiye shi a sahun gaba inda zai ga bakinku da allo. Limamai, ku yi huɗuba a kan haƙƙinsa. Uwar da ta ga jariri ba ya waiwayar ƙara, a raka ta Asibitin Koyarwa na Tarayya a duba kunnen da wuri, kuma kada a yi wasa da allurar rigakafi.

A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan jiharmu, ya sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. Mu tambayi wakilanmu: ina masu fassara a asibitocinmu da kotunanmu?

Ranar 23 ga Satumba duniya ke bikin harsunan hannu. Kafin ta zagayo, mai unguwa ya tara mu, a gayyato manyan kurame su zama malamanmu, kowane gida ya turo mutum ɗaya. Yau ɗin nan kuma, wanda ya san gidan irin wannan uwa, ya yi sallama, ya ce ta koya masa yadda zai gaida ɗanta.