Wa Ke Yashe Rijiyar GCC?

Akwai wata al'ada da muka gada, kuma muka tafi da ita duk inda fatauci ko neman ilimi ya kai kakanninmu: muna yawan ambaton wanda ya haƙa rijiya, amma da wuya a ji an ambaci wanda yake shiga ya yashe ta duk shekara. Wannan hali ya bi mu har cikin zamanin kwamfuta. Yaranmu da suka fara koyon rubuta manhaja sun san sunayen attajiran da suka kafa manyan kamfanoni, ba su san ko mutum guda cikin masu riƙon kayan aikin da suke amfani da su kullum ba tare da biyan ko sisi ba.

Bari mu ɗauki misali guda, wato GCC. Kwamfuta ba ta jin harshen da mai rubuta manhaja yake rubutu da shi, ko C ne ko C++ ko Fortran. Abin da take ganewa shi ne umarni na lambobi da ya dace da irin ƙwaƙwalwar da aka dasa mata. Saboda haka dole a sami tafinta a tsakani, wata manhaja da za ta karanta rubutun ɗan Adam ta juya shi zuwa harshen na'ura. Masana suna kiran wannan tafinta kwampaila, kuma GCC na cikin mafi daɗewa da mafi shahara a cikinsu. Richard Stallman, ɗan Amurka, shi ne ya fitar da ita a 1987 a ƙarƙashin shirin GNU, da sharaɗin cewa kowa yana iya karanta rubutun tushenta, ya gyara, ya raba wa wasu, muddin bai rufe wa na bayansa ƙofar da aka buɗe masa ba. Da ita Linus Torvalds ya gina Linux a 1991, kuma Linux ɗin nan ne yake ƙarƙashin Android da ke aljihun yawancinmu.

To, haƙa rijiyar ke nan. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne abin da ya biyo baya. Tafinta irin wannan ba a gama shi a ajiye. Kamfanoni suna ƙera sababbin ƙwaƙwalen na'ura, dole a koya masa harshensu. Kwamitocin da ke tsara ƙa'idojin C da C++ suna sabunta su bayan 'yan shekaru, dole ya bi. Wani a wata ƙasa zai gano cewa a wani yanayi na musamman tafintan ya juya magana ba daidai ba, ya kai rahoto, sai wani ya zauna kwana da kwanaki yana neman layin da ya jawo ɓarnar a cikin miliyoyin layuka. Kafin a amince da gyara, akan sa GCC ta gina kanta da kanta har sau uku, a gwada sakamakon zagaye na biyu da na uku, idan ba su zo daidai ba, an san da sauran aiki. Kusan kowace shekara ana fitar da sabon babban zubi. Babu kiɗa, babu taro, sai jerin kurakuran da aka toshe.

Tarihinta ma ya nuna cewa riƙo ya fi ƙirƙira wuya. A 1997 wasu daga cikin masu aikin suka gaji da yadda gyare-gyarensu suke daɗewa ba a karɓa ba, suka kwafi rubutun tushen suka buɗe nasu reshen mai suna EGCS. Lasisin ya ba su wannan dama, babu wanda ya isa ya hana. Cikin shekara biyu aikinsu ya yi gaba har gidauniyar da ke riƙe da GCC ta miƙa musu ragamar a 1999. Mu da muka san yadda rikicin shugabancin ƙungiya yake raba unguwa gida biyu har jikoki su gaji gabar, ya kamata mu tsaya mu dubi wannan. An yi saɓani, an rabu, kowa ya nuna aikinsa a fili, wanda aikinsa ya fi aka bi, aka koma gida ɗaya.

Kada a ɗauka duk masu wannan aiki sadaka suke yi. Da yawa daga cikinsu ma'aikata ne da kamfanoni irin su Red Hat da SUSE da Intel da Arm suke biya albashi, domin kasuwancinsu ya dogara da lafiyar tafintan. Ba laifi ba ne, hasali ma shi ya sa rijiyar ba ta ƙafe ba. Sai dai a nan ne damuwarmu take. Abin da kamfani yake da riba a cikinsa yana samun mai kula, abin da babu riba kuwa yana jiran mai sa kai, idan bai zo ba a cire shi. GCC ta taɓa samun sashen da ke fassara harshen Java, da aka rasa masu kula da shi sai aka yanke shi, zubi na 7 da ya fito a 2017 ya zo babu shi. Haka ake yi wa tsofaffin na'urori: a yi shelar cewa idan ba a sami wanda zai ɗauki nauyinsu ba za a daina tallafa musu, in an ji shiru a share.

Wa ya fi mu sanin ma'anar zama abin da ba shi da riba a idon kasuwa? Da yawanmu muna zaune a ƙasashen da harshen hukuma Turanci ne ko Faransanci ko Larabci, harshenmu kuwa na gida ne da kasuwa da masallaci. Kwamfutocin da ke hannun ɗalibanmu galibi na hannu ne, waɗanda suka gama aiki a Turai kafin su iso mana. Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, har yau akwai wuraren da suke rikiɗewa su koma akwati ko alamar tambaya. Sai a zubi na 10, a 2020, GCC ta fara karɓar irin waɗannan haruffa kai tsaye a cikin sunayen da mai rubutu yake raɗa wa abubuwa a C da C++, ta yadda yaro zai iya rubuta ƙidaya da ƙ ɗinta ba tare da dabara ba. Wani ne ya zauna ya yi wannan aiki, kuma ba don mu ya yi ba, mun dai tsinci dami a kala. Saƙonnin da GCC take bayarwa idan ta ga kuskure an fassara su zuwa Faransanci da Jamusanci da Turkanci da wasu harsuna. Babu Hausa, kuma babu wanda ya hana.

Akwai kuma batun amana, wanda ya fi duk waɗannan nauyi. Ken Thompson, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro Unix, ya nuna a wata lacca da aka buga a 1984 cewa ana iya lalata tafinta ta yadda zai riƙa cusa ɓoyayyar ƙofa a cikin manhajar da yake fassarawa, alhali rubutun tushen yana nan tsaf babu abin zargi. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban alƙali ko jami'in kan iyaka ta bakin tafinta ya san wannan tsoro. A 2024 duniya ta ga ɗanɗanon irinsa a wata ƙaramar manhaja ta matse fayil mai suna xz. Ba tafinta ba ce, amma darasin ɗaya ne. Mutum guda ne yake riƙe da ita shekara da shekaru har ya gaji, sai wani mai sunan aro ya shafe kusan shekara biyu yana taimaka masa har ya sami yarda, sannan ya dasa ƙofar ɓarayi. Wani injiniya mai suna Andres Freund ne ya bankaɗo abin, saboda ya lura na'urarsa tana jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Gajiyar mai riƙo ita ce kafar da ɓarawon ya bi.

Wani zai ce, mu da muke fama da kuɗin data da ɗaukewar wuta, ina mu ina gyaran GCC? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba mu ce kowane ɗalibi ya afka cikin hanjin tafinta ba, aiki ne na shekaru. Amma gayya ba masu garma kaɗai take buƙata ba. Wanda ya ga kuskure ya rage shi zuwa layi goma ya kai rahoto mai tsabta, ya sauƙaƙa wa mai gyara aikin mako guda. Wanda ya gwada sabon zubi a kan tsohuwar na'urarsa ya faɗi abin da ya gani, ya zama shaidar cewa har yanzu akwai mai amfani da irin wannan na'ura. Malaman da suke koyar da yaranmu rubuta manhaja a ƙananan cibiyoyi na unguwa suna iya sa ɗalibi ya karanta rahoton kuskure guda daga farko har zuwa gyaransa, ya ga yadda ake gardama da hujja, da yadda ake mayar wa mutum aikinsa sau uku ba tare da an ci mutuncinsa ba. Masu hali a cikinmu, waɗanda shagunansu da ofisoshinsu suke tafiya a kan wannan kaya na kyauta, suna iya biya wa ɗalibi guda kuɗin intanet na shekara domin ya zauna ya koyi wannan fanni. Fassarar saƙonnin zuwa Hausa kuwa tana buƙatar mutum biyu ko uku da suka san harshen suka kuma san C, waɗanda za su yarda su dawo kan aikin duk lokacin da sabon zubi ya fito da sababbin saƙonni.